Gimba Girama da Bijimin Mayil Wan

A shekarar da Turawa ke ɗaure kayansu za su bar mana ƙasa, an yi wani mutum a unguwar Hausawa ta Mayil Wan a Fatakwal, sunansa Gimba. Amma in ba ka ce Gimba Girama ba, babu mai nuna maka gidansa. Girama kuwa ita ce nahawun Turanci.

Asalinsa mutumin Zariya ne. Ya taɓa yin gadi a gidan wani Bature a Inugu, rumfar gadin kuwa tana jikin tagar ɗakin cin abinci. Ta wannan tagar Turanci ya riƙa zubo masa a kunne, shi kuma yana tarewa. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya bar masa tsohuwar kwat da tabarau mai ido ɗaya. Da kayan nan Gimba ya sauko Fatakwal, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa saura ƙiris ya zama lauya, aure ne ya katse shi. Kafin lauyancin ya zo, yana aikin shafa wa fatu gishiri a gidan Alhaji Bubayero, babban dillalin shanu, kawun matarsa Hajo.

Mu kuwa Hausawan kurmi, kowa ya san bakinmu. Mu fara magana da Hausa, mu ratsa ta buroka, wato Turancin kasuwa, mu leƙa harshen Ibo, mu fito ta inda ba mu shiga ba, kuma kowa ya gane. To wannan shi ne abin da ke hana Gimba sukuni. In ya ji buroka, sai ya dafe kunci kamar mai ciwon haƙori.

Daga gida ya fara gyara. Hajo haifaffiyar Onica ce, buroka a bakinta kamar ruwa. Wata rana da hantsi ta leƙo ta ce, "Malam, ka zo ka yi cof, tuwo na hucewa."

Gimba ya sauke tabarau kan hanci. "Me kika ce?"

"Na ce ka zo ka yi cof."

"Cof! Hajo, cof a Turancin Ingila sara ne, sara da gatari. Ni ne itace a gidan nan, ko tuwon?"

"To me zan ce?"

"Ki rusuna ki ce, dina iz redi, sa."

"Dina? Ai matar mai gidan hayarmu ke nan. In kira maka ita?"

Gimba ya rantse ba zai sa tuwon nan a baki ba sai an kira shi da sunansa na gaskiya. Hajo ta ɗauki kwanon ta miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Da yunwa ta ci ƙarfinsa, aka gan shi a bayan layi wajen wata mai gasa ayaba, yana nuna wadda yake so da ɗan yatsa, don kada ya ɓata bakinsa.

Bayan la'asar ya kai ƙara majalisar ƙofar masallaci, inda mahauta da 'yan albasa ke shan iska.

"Jama'a," in ji shi, "Turawa za su tafi, sun bar mana Turanci amana, mu kuwa muna yanka shi ba bisimilla. A ɗauki kan wannan kalma a liƙa a gindin waccan, kamar mahaucin da ya ɗinka kan akuya a jikin tunkiya. Motofak! Mami-wagon! Go-silo! Wace irin magana ce go-silo? Ko dai a tafi, ko a tsaya!"

Jumare, wanda ke koro wa Alhaji shanu daga tashar jirgi zuwa mayanka, ya ce, "In suna tsoron a ɓata musu, su tafi da abinsu mana. Ai jirgin ruwan da girma."

"Kai ka san shanu, ka bar magana ga masu ita. Kuma wannan wahala da suke cewa, wahala de, wahala no de, na bincika, babu ta a Turanci ko kaɗan."

"Ai tamu ce, Gimba. Hausa ce."

Gimba ya gyara zaman tabarau. "To ka ji! Wa ya ba su? Da izinin wa?"

Ana cikin dariya Alhaji Bubayero ya iso. A 'yan kwanakin nan ya sayi sabuwar motar fasinja mai bodin katako, tana zuwa Onica ta zarce Inugu, ya kuma sayi lasifika mai batir a hannun wasu 'yan siyasa da suka faɗi zaɓe, don a riƙa kiran fasinja. Gimba ya daɗe yana kallon lasifikar nan yana haɗiyar yawu. Ya matsa ya durƙusa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, a ba ni lasifikar nan. 'Yan kamasho suna kiran fasinja kamar masu koran awaki, shi ya sa ba ka samun kowa sai masu kifi da masu gari. In aka ji Turanci mai tsabta yana fita daga motarka, akawu-akawu da malaman makaranta da lauyoyi za su bar jirgin ƙasa su biyo ka. Da bakina kaɗai zan gyara harshen Fatakwal, in cika maka mota."

"Masu kifin ma kuɗin mota suke biya," in ji Alhaji.

"Amma ba sa ƙara wa mota daraja."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. "Saboda Hajo," ya ce. "Gobe ka je ka sami Hammadu direba."

Washegari tun da sassafe Gimba ya bayyana a tashar da ke bakin kasuwa, cikin kwat, a kan babbar riga, a zafin Fatakwal. An ɗaure ƙahon lasifika a kan mota, makirfo kuma na haɗe da doguwar waya. Gimba ya ce lauya ba ya magana hannunsa a riƙe da abu, don haka ya sa igiya ya rataya makirfon a wuya, ya ƙulle tamau daidai haɓa. Ya aro teburin wani mai shayi ya haye.

A gefe guda 'yan kamashon wata motar Onica suna ta ihu: "Onica! Onica! Enta, enta! Moto wan go!"

Gimba ya dube su da tausayi, ya gyara murya. Lasifika ta yi wata ƙara, tattabarun kasuwa suka tashi.

"Ledis an jentilmen! Me ai haf yuwa kain atenshan!"

Daga nan ya shiga bayani, cikin Turanci mai dogon wutsiya, cewa wannan mota mai alfarma, mallakar wani dattijo mai alfarma, tana da ƙudurin, in babu wani abin da ya gifta, ta kama hanya zuwa wani gari da ke bakin babban kogi. Kafin ya iso kan sunan garin, waccan motar ta cika rabi. Wasu 'yan dako suka cire huluna, sun ɗauka sanarwar mutuwar wani babba ce. Wata tsohuwa ta ajiye tulunta ta durƙusa ta ce "Amin," ta zaci wa'azin coci ne.

Can sai ga wata mata da kwandon busasshen kifi a ka, tana haki. Ta ɗaga kai ta ce, "Oga, na Onica moto bi dis?"

Hammadu direba ya miƙe da sauri zai karɓi kwandon, Gimba ya ɗaga masa hannu.

"Madam," ya ce, ta cikin lasifika, duk tasha na ji, "ba haka ake tambaya ba. Rifit afta mi. Iz dis di behikul..."

"Ehn?"

"Iz. Dis. Di."

Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya haukace ne, ta juya ta shige motar 'yan kamasho.

Hammadu ya ɗora hannu a ka. "Malam Gimba! Fasinja ce fa ka kora!"

"Ban kore ta ba. Jarrabawa ta faɗi."

"Ni direba ne ko hedimasta? Motar nan man fetur take sha, ba girama ba!"

Haka aka yi da mai buhun gari, aka yi da wani ɗan kasuwa mai atamfofi. Wani saurayi ya zo ya ce a rage masa kuɗi, "abeg," Gimba ya tsare shi yana tambayarsa ko beg ɗin bara yake nufi ko na jaka, har saurayin ya ce ya fasa tafiyar gaba ɗaya. Masu shayi da masu tsire na kusa suka bar sana'a suka zo kallo. Duk wanda aka kora sai su yi tafi su ce, "Ya faɗi!"

Da rana ta ɗaga, sai ga wani tsohon Bature a kan keke, da gajeren wando da jan wuya, ɗaure da kwali a baya. Irin masu sayen manja ne da suka tsufa a bakin teku. Gimba ya gan shi, zuciyarsa ta yi fari.

"To, yau za ku gani," ya ce wa 'yan kallo. "Ga mai abin ya zo da kansa. Ku buɗe kunne ku ji yadda ake yi tsakanin manya."

Ya diro daga tebur, ya ƙame, ya sara. Ya yi wa Baturen barka da hantsi, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi sanyin Ingila, ya bayyana baƙin cikinsa a kan halin da Turanci ya shiga a wannan gari, ya roƙi afuwa a madadin jahilan da ke tsaye. Bature ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallon bakinsa. Da Gimba ya tsaya shan iska, sai ya juya wajen Hammadu.

"Diraba, wetin dis man de tok? Bele de pen am?"

Wato yana tambaya ko cikin mutumin nan ke ciwo.

Tasha ta kece da dariya. Mai tsire ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Bature da Hammadu suka gama maganar kwalin da za a kai Onica cikin buroka, fes, ba gargada, ya hau kekensa ya wuce.

Gimba ya koma kan tebur a hankali. "Wannan ba Baturen asali ba ne," ya ce. "Rana ta dafa shi. Ku dubi wuyansa mana."

Ya manta makirfo na haɓarsa. Baturen, da bai yi nisa ba, ya waiwayo ya ce da Hausa, "Na gode, Malam!"

Ana wannan Alhaji Bubayero ya iso duba motarsa. Ya leƙa ciki. Kwali ɗaya, da wani tsoho kwance a benci.

"Alhamdu lillahi, ko ɗaya ne an samu. Baba, Onica ko Inugu?"

"A'a, Alhaji," in ji tsohon. "Inuwa na shigo sha."

Alhaji ya juyo. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Gimba ke nan. "Ina lauyoyin?"

"Ranka ya daɗe, suna kotu. Sai an tashi."

"Motar can ta cika ta tafi, wata ta shigo layi, ita ma ga ta nan ta kusa. Ka saurare ni, Gimba. In aka kira azahar motar nan ba ta cika ba, ka cire wayar nan daga wuyanka, ka koma kan fatu. Kuma ni da kaina zan gaya wa Hajo abin da ya sa."

Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a inuwar motar. Gimba ya ji gumi na bin bayansa ta cikin kwat. Fatu da wari, Hajo kuwa da baki. Ya ƙara wa lasifika murya har ƙarshe, ya ƙara wa Turancin tsawo.

Daga kan teburin nan shi ya fara hango abin. Can bakin titi Jumare da wasu mahauta suna janye da wani jibgegen bijimi fari, mai ƙaho kamar an buɗe hannu, za su kai mayanka. Bijimin ya sha zaman tarago daga arewa, ransa a ɓace yake. Da ƙarar lasifika ta doke shi, ya tirje, ya girgiza kai, igiya ta tsinke. Jumare ya faɗi zaune. Bijimi ya sunkuyar da kai ya nufo kasuwa.

Gimba ya ga dama ta samu. Yau zai ceci rayuka da Turanci, a daina yi masa dariya.

"Ledis an jentilmen! Ai rigiret tu infom yu dat e kau..." Ya tsaya. Kau ai saniya ce, wannan kuwa namiji ne. "Ai beg yuwa fadin. Korekshan! Not e kau..."

Babu wanda ya ɗaga kai. Tun safe suke jin ledis an jentilmen, kunnuwa sun saba. Mai tumatir na ta kasa kayanta, wanzami na ta aski.

Bijimi ya bi ta kan tumatir, ya ɗaga daron gari sama, garin ya sauko wa mutane kamar ruwa. Amma ba su yake nema ba. Abin da ke ƙarar nan yake nema. Ya tsaya, ya huci, ya dubi mai kwat a kan tebur, mai kwat ya dube shi ta ido ɗaya na tabarau.

Teburin ne ya fara tashi. Gimba ya sauka da ƙafafunsa suna gudu tun kafin su taɓa ƙasa. Ya nufi masallaci, waya ta fizgo shi ta wuya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya kai hannu zai kwance, ƙullin da ya yi da kansa ya ƙi. Babu inda zai iya zuwa sai zagayen mota. Ya zagaya, bijimi ya zagaya. Ya sake zagayawa, waya na naɗewa tana gajarcewa, hucin bijimi na ɗaga masa bayan kwat.

A nan ne lasifikar Alhaji, da muryarta a ƙarshe, ta sanar da duk Mayil Wan:

"Nama don kot rof! Ron o! Mek una ron! A don dai o! Wayyo Allah! Cineke! Abeg, mek una helef mi! Hajo! Wahala de o!"

Wannan kam kowa ya gane: nama ya tsinka igiya, a gudu. Kafin ka ƙifta ido kasuwa ta dare. Kuma da yake babu wani abu mai tsayi kusa sai motar Alhaji, kowa can ya nufa. Ta ƙofa, ta taga, ta kan taya. Mai tumatir ta shiga da faranti a hannu. Wanzami ya shiga da aska, mutumin da yake wa aski ya biyo shi da rabin kai. Mai tsire, mai shayi, 'yan kamashon waccan motar da fasinjojinsu, duk suka afko. Alhaji Bubayero, da girmansa da rawaninsa, ba a san yadda aka yi ba aka gan shi a ciki, a matse tsakanin wasu mata biyu masu manja. Tsohon da ke shan inuwa ya farka ya tarar da mutum uku zaune a kansa.

Gimba ya cafki tsanin bayan mota. Ƙaho ya cafki kwat. Aka ja, aka ja, kwat ta rabe biyu, bijimi ya tafi da rabonsa, Gimba ya haye rufi da nasa. Bijimi ya ja da baya ya nufi ƙofar direba, ya doka mata kai har motar ta girgiza.

"Diraba, faya!" in ji lasifika. "Faya de go! No luk bak!"

Hammadu bai jira an maimaita ba. Ya ba ta wuta.

Haka motar ta ratsa unguwar Hausawa, cike maƙil, mutane na lilo a jikinta, Gimba a kwance rub da ciki a kan rufi yana ta zuba buroka ta sama. Mata suka fito ƙofar gida. Hajo na tsaye da muciya a hannu motar ta wuce ta gabanta, muryar mijinta na kiran sunanta a harshe uku. Maƙwabciyarta ta ce, "Ba Malam ba ne wancan?"

"Shi ne," in ji Hajo. "Ashe ya iya. Har ya fi ni."

Hammadu bai taka birki ba sai da gidaje suka ƙare, aka fara ganin itatuwan kwakwa a kan hanyar Aba. Mutane suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, suna karkaɗe gari, suna neman takalma. Da hankali ya dawo, sai masifa ta tashi. Wannan ta bar kayanta a buɗe, wancan ya bar wuta a ƙarƙashin nama, mai rabin aski yana tambayar wa zai ƙarasa masa. A cikin motar nan kaf babu mai zuwa Onica sai kwalin Bature da fasinjojin wata motar, su ma kayansu na can.

Aka sauko da Alhaji, rawani a warware, babbar riga ta sha manja. Daidai lokacin aka jiyo kiran azahar daga nesa, can cikin gari.

Gimba ya sauko daga tsani, hannun kwat ɗaya a jikinsa, tabarau ya tafi. Ya dubi taron, ya dubi motar, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a shaida. Kafin azahar ta cika."

Alhaji ya karɓi askar wanzami, ya kama igiyar da ke wuyan Gimba ya yanke, ya miƙa wa Hammadu makirfon. Jama'a suka matso, suna jiran a ji hukunci.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini, surukina," in ji Alhaji. "Tun jiya kake zagin bakin mutane. Wancan da ka yi a bayan mota, da bijimi na bin ka, na wace unguwa ne a Ingila?"

Gimba ya shafa wuya inda igiya ta yi masa shaida. Ya dubi mai tumatir, ya dubi mai rabin aski. Duk shi suke kallo.

"Alhaji," ya ce, "shi Turancin Ingila a tsaye ake yin sa. Ban taɓa ganin wanda ya gwada shi a guje ba."